Harabar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai: Gininta da Adana Ta

Harabar Jami'ar Abdou Moumouni ita ce mazaunin jami'ar gwamnati mafi tsufa kuma mafi girma a Jamhuriyar Nijar. Mafi yawan filinta yana hannun dama na kogin Isa, a ɓangaren Yamai da ake kira Harobanda, cikin gunduma ta biyar ta birnin. Ɗalibai da mutanen gari kampus suke ce mata. Ta ƙunshi tsangayoyi, manyan ɗakunan lacca da ake kira anfi, ɗakunan gwaje-gwaje, gidajen kwanan ɗalibai, gidan abinci da masallatai. Wani reshe nata, wato Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan Adam (IRSH), yana can tsallaken kogi cikin gari. Shekarun harabar hamsin ne da ƴan kai, shi ya sa ba kasafai ake lissafa gine-ginenta cikin kayan tarihi ba, alhali a nan ne wasu muhimman al'amura na tarihin Nijar ta zamani suka samo tushe.

Asali

Kafin 1971 Nijar ba ta da jami'a. Wanda ya ci bakaloriya kuma ya samu tallafin karatu sai ya tafi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. A 1971 aka kafa Cibiyar Ilimi Mai Zurfi ta Yamai, wadda ta fara da fannin kimiyya, aka mai da ita Jami'ar Yamai a 1973. Shugabanta na farko shi ne masanin lissafi Boubakar Ba. A 1979 Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya karɓi ragamar. Shi haifaffen Tasawa ne a 1929, masanin kimiyyar fizik da ya shahara a binciken makamashin rana. Ya rasu a 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Zaɓen Harobanda bai yiwu ba sai da aka yi gada. Tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, garin a hannun hagu yake bunƙasa. Ɗaya gaɓar kuwa ƙauyuka ne irin su Lamorde, da gonaki, da makiyaya, kuma sai da jirgin ruwa ake ƙetarawa. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970 da taimakon Amurka, ita ta buɗe wannan fili. Ƙasa ga ta nan shimfiɗe, babu cunkoso, don haka hukumomi suka tura manyan makarantu can. Cibiyar AGRHYMET ta ƙasashen Sahel, mai binciken noma, ruwa da yanayi, wadda aka kafa a 1974, maƙwabciyar jami'ar ce. Haka ma makarantar ma'adinai ta EMIG, da asibitin Lamorde inda ɗaliban likitanci suke koyon aiki.

Akwai masu cewa an kai ɗalibai tsallake ne don a nisanta su da fadar shugaban ƙasa. Ko da gangan ne ko ba da gangan ba, har zuwa 2011, lokacin da aka buɗe gadar zumuncin Sin da Nijar, hanya ɗaya tak ta haɗa kampus da gari, kuma duk wanda ya tare bakin gadar ya rufe jami'a.

Fasalin gine-ginen farko

Ba a gina harabar a dunƙule ba. Kowace tsangaya ta samu nata fili, da tazara mai faɗi tsakaninta da ƴar'uwarta, kuma an riƙa ginawa ne gwargwadon yadda kuɗi suka samu, musamman a shekarun da yuraniyom ke da daraja, wato daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon na 1980. Gine-ginen wannan zamani na siminti ne da ƙarfe, ba su da tsawo sosai, mafi yawa bene ɗaya ko biyu.

Abin da ya bambanta su da na yau shi ne yadda suka yi la'akari da zafi. A Yamai, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, kuma a wancan lokacin ba a dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba. Saboda haka mai zane yakan ja baranda a gaban azuzuwa don kada rana ta bugi bango kai tsaye, ya ɗaga rufi sama, ya sa bulo mai huji a jikin matakala da lungu domin iska ta riƙa ratsawa, ya kuma daidaita tagogi su fuskanci juna. Idan aka toshe hujin nan da siminti don a maƙala na'ura, kamar yadda ake yawan yi wa gine-ginen gwamnati na wancan zamani, ɗakin yakan yi sanyi muddin akwai wuta. Ranar da aka ɗauke ta kuwa sai ya fi yadda yake a da zafi, domin an kashe masa hanyar numfashi. Wannan ita ce irin ɓarnar da ba a gani da ido, tunda ginin yana nan tsaye kuma an shafa masa sabon fenti.

Misalin da ya fi fice na irin wannan tunani a Yamai ba cikin kampus yake ba, amma yana da alaƙa da mai sunan jami'ar: ginin hukumar makamashin rana ta ONERSOL, wadda Abdou Moumouni ya jagoranta shekaru da dama. Mai zane László Mester de Parajd ne ya tsara shi, ya dogara da inuwa da zagayawar iska, ya kuma aro siffofi daga ginin gargajiya na ƙasar.

Itatuwa ma wani ɓangare ne na ginin. Dogonyaro da aka dasa tun farko ya zama ajin karatu na biyu. Lokacin jarrabawa a ƙarƙashinsa ake shimfiɗa tabarma, a jingina allo da gindinsa, ana bita ana dafa shayi.

Yawan ɗalibai

An tsara harabar ne don ƴan dubbai kaɗan. Yau ɗalibanta sun haura 20,000. Yamai da kanta ta wuce mutum miliyan ɗaya a ƙidayar 2012, kuma unguwannin Harobanda sun kewaye jami'ar da a da take bakin daji. Tsakanin faɗuwar farashin yuraniyom da matakan tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990, an daɗe ba a yi wani babban gini ba, gyaran na da ma ya gagara.

Alamar wannan a anfi ake ganinta. A tsangayoyin da suka fi cika, kamar ta adabi da ta shari'a da ta tattalin arziki, ɗalibin shekarar farko yakan yi sammako bayan asuba ya ajiye littafi a kan benci don kama wuri. Wanda ya makara sai matakala, ko ya tsaya a bakin taga yana rubutu a kan gwiwa. Gidajen kwana, waɗanda hukumar kula da jin daɗin ɗalibai ke tafiyarwa tare da gidan abinci da motocin sufuri, sun yi wa jama'a kaɗan tun tuni. Ɗaki guda yakan ɗauki ninkin mutanen da aka gina shi dominsu, wasu kuma su kafa rumfa. Famfo da makewayi da wayoyin lantarki da aka auna don mutum biyu ba za su jure wa shida ba, kuma lalacewar gini daga nan take farawa, ba daga bango ba.

Gwamnati ta bi hanya biyu. Ta farko ita ce ƙara sabbin anfi, azuzuwa da gidajen kwana a filayen da suka rage tsakanin tsangayoyi. Ta biyu ita ce rage wa Yamai kaya: cibiyoyin koyon fasaha da aka buɗe a Maraɗi, Tawa da Damagaram sun zama jami'o'i a 2010, sannan a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ta Tawa yanzu tana ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, ta Tilaberi kuma sunan Boubakar Ba.

Kogi

Hannun dama ya fi na hagu kwari. Kogin Isa yana cika sau biyu a Yamai: akwai cikar damina a Agusta da Satumba, wadda jan ruwan kogunan Sirba, Dargol da Goruwal ke kawowa, akwai kuma cikar da ke gangarowa daga Gine wajen Disamba da Janairu. Ta farkon ce ta fi ɓarna a ƴan shekarun nan. An yi mummunar ambaliya a 2012, kuma a Satumban 2020 ruwa ya karya madatsar Lamorde ya shiga unguwannin da ke maƙwabtaka da jami'ar. Ko inda ruwa bai shiga ba, danshi yana hawa ta gindin bango, ƙarfen cikin siminti ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa shi. Duk wani shirin gini a Harobanda da bai fara da magudanar ruwa da tsayin daɓe ba, aikin baban giwa ne.

Wuraren tunawa

Ba gini kaɗai ake adanawa ba. Dandalin da ƙungiyar ɗalibai ke yin babban taronta, wanda ake kira Place AB, yana ɗauke da sunan Amadou Boubacar, ɗalibin da ya rasu a tsare a 1983, zamanin mulkin Seyni Kountché. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito daga kampus suna adawa da matakan tsimi da suka shafi ilimi, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma. Wannan rana na cikin abubuwan da suka kai ga Babban Taron Ƙasa na 1991 da dawowar jam'iyyu da yawa. Ƙungiyar ɗaliban Nijar ta USN tana tunawa da ita kowace shekara. Irin waɗannan wurare fili ne kawai, babu rufi babu bango, don haka su suka fi saurin shiga idon mai neman inda zai kafa sabon gini.

IRSH da rubuce-rubucen hannu

Reshen da ya girmi jami'ar kanta shi ne IRSH. Asalinsa ofishin cibiyar binciken Faransa ta IFAN ne na Yamai da aka buɗe a 1944, wanda marubuci kuma ɗan siyasa Boubou Hama ya taɓa jagoranta, kuma an haɗa shi da jami'a a 1974. A nan ne ake ajiye rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami kimanin 4,000, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa: fiƙihu, tarihi, magani, wasiƙu, da waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Abokan gabar takarda a Yamai sanannu ne, wato gara, ƙurar hunturu, zafi, da rufin da ke yoyo. An ɗauki hoton wani ɓangare an adana a kwamfuta, sai dai hoto ba ya maye gurbin takardar da alamar masana'antarta da tawadarta ke nuna zamaninta. Gyaran ɗakin ajiya, a nan, shi ne adana tarihin.

Doka da misalan cikin gida

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi, mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997, wadda ta ba hukuma ikon yi wa gini ko wuri rajista don hana rushe shi ko sauya masa kama. A aikace hankali ya fi karkata ga ginin laka: tsohon birnin Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, fadar Sarkin Damagaram, da masallacin Yama na jihar Tawa, aikin magini Falké Barmou, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ginin siminti na shekarun 1970 kuwa yana tsaka mai wuya: ya tsufa har ya soma zuba, amma bai tsufa yadda za a girmama shi ba.

Daga jihar Tawa ɗin ne kuma aka samu misalin da masu zane ke yawan ambata. A ƙauyen Dandaji jama'a sun buƙaci masallaci mafi girma. Maimakon a rushe tsohon, masu zane Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da shi ɗakin karatu, aka gayyato maginan da suka san ginin tun asali suka gyara shi, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon jar ƙasa da aka matse. An kammala aikin a 2018.