An sake sa Windows, ina fayilolina suka shiga?

Tambayoyin nan su ake ta maimaita min, shi ya sa na tara su wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Fayilolina za su dawo da kansu?

A'a. Kai za ka je ka kwaso su daga inda ka adana.

Manhajojina fa?

Su ma ba za su dawo ba. File History, wato tsarin Windows na ajiye kwafin fayiloli a wani faifai, takardu, hotuna, bidiyo da makamantansu yake adanawa. Office, Chrome da sauransu sai ka sake sa su ɗaya bayan ɗaya.

Ba a yi fomat (wato goge faifan gaba ɗaya) ba, a kan tsohon Windows aka ɗora sabo. Akwai abin yi?

Ka taki sa'a. Buɗe faifan C, nemi folda mai suna Windows.old, shiga Users, kayanka na can. Amma bayan kwana 10 Windows yakan goge ta da kansa. Yau za ka kwashe su, kada ka ce sai gobe.

Na jona faifan da ajiyata take ciki, amma File History ya ce babu komai. Ta ɓace ke nan?

Kwantar da hankalinka, yawanci tana nan. Sabon Windows bai san kwamfutar jiya ba, shi ya sa yake kallon faifan kamar baƙo. Abin da nake roƙo shi ne kada ka yi garajen kunna sabuwar ajiya a kansa. Shiga Control Panel, buɗe File History, zaɓi faifan. A galibin lokuta za ka ga ɗan akwati yana tambayar ko kana son amfani da tsohuwar ajiyar da ke ciki. Sa masa alama, zaɓi tsohuwar, sannan ka kunna, ka danna Restore personal files. Na ce galibi, don wani lokaci akwatin ba ya fitowa, musamman idan an riga an kunna sabuwa. Ko sunan asusunka ya canza, fayilolin na iya ƙin komawa mazauninsu na da, sai dai ka zaɓa musu wata folda.

Idan duk ya ƙi, buɗe faifan da hannu. Shiga foldar FileHistory, sunan tsohon asusunka, sunan tsohuwar kwamfutar, sannan Data. Fayilolinka na nan lafiya ƙalau, sai dai kowanne an liƙa masa kwanan wata da lokaci a ƙarshen suna, kuma takarda ɗaya na iya fitowa sau biyar ko goma. Ɗauki mafi sabo, sai in ka san ya lalace ne kafin ka sake sa Windows, to ka koma na baya. Aiki ne mai cin rai, amma ya fi asara. Kuma kwafa za ka yi, kada ka yanko. Ajiyar ta zauna yadda take har sai ka buɗe fayilolin ka ga suna aiki.

Faifan yana neman lambar BitLocker.

BitLocker makullin Windows ne na kulle faifai, lambar buɗe shi kuma lambobi 48 ne. Duba asusunka na Microsoft. In babu ita kuma ka manta kalmar sirrin faifan, ba mai buɗe maka shi, kada wani ya ci kuɗinka.

A OneDrive na ajiye.

OneDrive ma'ajiyar Microsoft ce ta intanet. Shiga da asusun da ka yi amfani da shi a baya, ba sabo ba. Abin da ka goge yana kwandon shara na kwana 30.

Ban taɓa yin ajiya ba, kuma an yi fomat.

Haba malam, shekara da shekaru kana tara aiki a wuri guda? To, ka daina amfani da kwamfutar yanzu-yanzu, don duk abin da ka sauke yana iya hawa kan tsofaffin fayilolin. Cire faifan, jona shi a wata kwamfuta, ka gwada manhajojin dawo da fayilolin da aka goge, Recuva ko PhotoRec, abin da aka samo kuma a zuba shi a wani faifan daban. In tsohon faifai ne mai juyawa, ana dacewa. In SSD ne, wato sabon nau'in da ba ya juyawa, kada ka sa rai sosai, shi yakan share abin da aka goge da wuri.