IgA: Antibodin Da Ke Gadin Hanji Da Hanyar Numfashi

IgA furotin ne na garkuwar jiki, daga rukunin da ake kira antibodi, kuma shi ne mafi yawa a majina, miyau, hawaye, nonon uwa da yauƙin da ke lulluɓe cikin hanji. Ta waɗannan wurare masu danshi akasarin ƙwayoyin cuta ke shiga jiki. Baligi kan zuba giram 3 zuwa 5 na IgA cikin hanjinsa kullum. Joseph Heremans ya bayyana shi a cikin jini a 1959, sannan a 1965 Thomas Tomasi da abokan aikinsa suka nuna cewa na miyau da nono ƙirarsa daban ce.

Ƙirarsa

Tushen ginin sarƙoƙin furotin ne guda huɗu, manya biyu da ƙanana biyu, masu siffar harafin Y, nauyinsu kusan kilodalton 160 (ma'aunin nauyin furotin). Rassan biyu ke kama ƙwayar cuta. A cikin jini haka yake yawo ɗaya-ɗaya, amma wanda za a tura hanji ko hanci sai an haɗa biyu gindi da gindi. Kowace babbar sarƙa tana ƙarewa da wutsiya mai amino asid 18 (tubalan da ake gina furotin da su), kuma na kusa da ƙarshe, wanda ake kira sistin na 471, shi ke ɗaurewa da wata ƙaramar sarƙa da ake kira J, mai kilodalton 15. Da haka ya zama mai hannu huɗu.

Sarƙar J ita ce takardar shaidar fita. Ƙwayoyin filasma, wato ƙwayoyin jiki masu samar da antibodi, da ke ƙarƙashin tantanin hanji ke ƙera IgA, amma bakin aikinsa yana ɗaya gefen. Akwai wani furotin, pIgR, a gindin ƙwayoyin tantanin, wanda ba ya ɗaukar antibodin da babu J a jikinsa. Idan ya kama shi, sai ya ratsa da shi ta cikin ƙwayar tantanin har sama, a nan a yanke pIgR ɗin. Guntun da ya rage manne da IgA, mai sassa biyar da kusan kilodalton 80, shi ake kira SC. Yana ɗauke da sukari mai yawa a jikinsa, yana kare IgA daga sinadaran narkar da abinci, yana kuma taimaka masa ya maƙale a yauƙi. Cikakken ginin ya kai kusan kilodalton 400. Hotunan da aka ɗauka a daskare da madubin lantarki mai ƙara girman abu a 2020 sun nuna wutsiyoyin huɗu suna jeruwa da sarƙar J kamar saƙar tabarma, IgA biyun sun ɗan lanƙwashe, SC kuma ya kwanta a gefe ɗaya kawai.

Gaɓar da ake yankewa

Ɗan Adam yana da iri biyu. A IgA1, gaɓar da ke haɗa rassa da gindi doguwa ce, ta ɗara ta IgA2 da amino asid 13. Tsawon yana ba shi damar buɗe hannu sosai, amma nan ne lagonsa. Ƙwayar sanƙarau Neisseria meningitidis, wadda ke addabar arewacin Nijeriya da Nijar a lokacin zafi, tana fitar da sinadarin da ke datse IgA1 a daidai wannan gaɓa. Haka ƙwayar ciwon sanyi take yi, da Haemophilus influenzae, da Streptococcus pneumoniae mai kawo ciwon huhu. Abin da ya fi muni, rassan da aka datse kan zauna manne a jikin ƙwayar, su rufe wuraren da lafiyayyen antibodi zai kama. IgA2 ba shi da doguwar gaɓar, don haka waɗannan sinadarai ba sa cin sa. Shi ya fi yawa a babban hanji, inda bakteriya suka yi cincirindo, alhali kusan kashi 90 cikin ɗari na IgA ɗin jini IgA1 ne.

Yadda yake aiki

IgA ba kasafai yake kashe ƙwayar cuta ba. Da hannayensa huɗu yake ɗaure su dunƙule-dunƙule, ya rufe abin da suke manne wa tantani da shi, sai a fitar da su cikin kaki ko bayan gida. Ba ya tayar da kumburi kamar IgG, antibodin da ya fi yawa a jini, kuma wannan babbar fa'ida ce a hanjin da kullum yake cike da abinci da bakteriya masu amfani.

Jariri ba ya ƙera isasshen nasa a makonnin farko. Dakashi na iya ɗaukar giram 12 a kowace lita, nonon baya kuma kusan giram 1 ko ƙasa, shi ya sa zubar da dakashi asara ce ta gaske. Rigakafin shan inna na ɗigo a baki ma ta wannan hanya yake aiki: yana sa hanji ya samar da IgA, wanda ke rage yawan bairas ɗin da yaro ke fitarwa a bayan gida, abin da allurar shan inna kaɗai ba ta yi sosai.

Idan ya yi ƙaranci ko ya lalace

Kusan mutum 1 cikin 600 na Turawa ba su da IgA, wato ƙasa da miligiram 7 a desilitar jini bayan shekara huɗu da haihuwa. Da yawansu lafiyarsu ƙalau, domin wani antibodin, IgM, ma yana da sarƙar J, pIgR yana fitar da shi ya cike gurbin. Wasu kan yi fama da yawan ciwon hanci, huhu da zawo. Gwajin cutar siliyak (ciwon hanjin da cin alkama ke tayarwa) da ya dogara da IgA kan nuna babu ciwon ga irin waɗannan mutane alhali akwai, don haka ake auna jimillar IgA tare da shi.

Akwai kuma ciwon ƙodar da Jean Berger ya bayyana a 1968. A nan sukarin da ke kan gaɓar IgA1 yakan rasa wani ɓangarensa mai suna galaktos, jiki ya ƙera antibodi a kansa, su dunƙule su taru a matatar ƙoda. Alamar da aka fi saninsa da ita jini ne a fitsari, kwana ɗaya ko biyu bayan fara mura ko ciwon maƙogwaro.