Waiwaye: Igiyar santimita 21 da neman iskar da ke haifar taurari

Daga iskar haidirojin ake samun tauraro. Don haka mai son sanin yadda galaksi, wato babban tarin taurari irin wanda ranarmu ke ciki, ya girma ko ya tsufa, dole ya auna iskar da ta rage masa. Sai dai iskar sanyi gare ta, ba ta haske, na'urar hangen nesa ta gilashi ba ta ganinta.

A 1944, Holan na ƙarƙashin mamayar Jamus, masanin taurari Hendrik van de Hulst ya gano mafita ta hanyar lissafi. Ilaktaron ɗin ƙwayar zarrar haidirojin yakan sauya fuskar juyawarsa, ya saki igiyar rediyo mai tsawon santimita 21, wato mai kaɗawa sau miliyan 1420 a daƙiƙa (megahaz 1420). Ƙwaya guda takan yi kimanin shekara miliyan 11 kafin ta yi haka, amma ƙwayoyin ba su ƙirguwa, shi ya sa siginar ke taruwa har a kama ta. Harold Ewen da Edward Purcell suka fara kama ta a Harvard a watan Maris 1951.

Amfaninta biyu ne: tana ratsa ƙurar sararin samaniya, kuma gocewarta daga 1420 na nuna gudun iskar. Da ita aka zana taswirar galaksinmu a 1958. A 1978 Albert Bosma ya nuna cewa iskar da ke can gefen galaksi, inda taurari suka ƙare, ba ta rage gudun kewaya galaksin kamar yadda aka zata, alamar akwai wani nauyi da ido ba ya gani.

Wahalar tana wajen nisa. Farantin kama igiyar rediyo na Arecibo a Puerto Rico, mai faɗin mita 305, wanda ya rushe a 2020, ya tattaro galaksi kusan 31,500 a binciken ALFALFA, amma duk na kusa ne. Haihuwar taurari kuwa ta kai ƙololuwa kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, daga nan ta faɗi kusan ninki goma. Siginar wancan zamani rauni gare ta, kuma faɗaɗar sararin samaniya ta miƙa ta zuwa ƙasa da megahaz 700, inda talabijin da wayar salula ke ta hayaniya. Dalili ke nan da aka kafa faranti 64 na MeerKAT a yankin Karoo na Afirka ta Kudu, nesa da gari.

Dabarar da ta yi aiki ita ce tarawa. A 2020, masu aiki da GMRT, tarin farantan kama igiyar rediyo da ke kusa da Pune a Indiya, suka ɗauki galaksi 7,653 da aka riga aka san nisansu, suka daidaita siginar kowanne, suka haɗa su wuri guda, har hayaniya ta lafa, matsakaicin nauyin iskar ya fito. Suka iske iskar waɗannan galaksi za ta ƙare cikin shekara biliyan 1 zuwa 2 idan ba a samu sabuwa daga waje ba, wanda ke nuna ƙarancin shigowar sabuwar iska ne ya rage haihuwar taurari.