Hanimun a ƙasar waje: kati za mu riƙe ko tsabar kuɗi?

An gama biki, an kai amarya, an yi buɗar kai, biza ta fito, tikiti na hannu, sai ana saura kwana biyu a tashi ango ya tuna bai san da me zai riƙa biyan kuɗi a can ba. Ga tambayoyin da angwaye da amare suka fi yi a kan wannan batun, da amsoshinsu.

Katin ATM ɗina na naira zai yi aiki a waje?

Fara duba tambarin da ke jikinsa. In Verve ne ko AfriGo toh ka bar shi a durowa, katunan gida ne, yawancin wurare a waje injin ba zai ma karanta su ba. Visa ko Mastercard ake so. Amma ko su ɗin ma ba shi ke nan ba, don tsakanin 2022 zuwa farkon 2023 bankunanmu ɗaya bayan ɗaya suka rufe amfani da katin naira a ƙasar waje saboda ƙarancin dala, sai a tsakiyar 2025 wasu irin su GTBank da UBA suka sake buɗewa, kuma kowane banki da iyakar da ya sa, wani na wata wani na wata uku, kuma iyakar cirewa a ATM daban take da ta saye a shago. Waɗannan lambobin suna canzawa, abin da abokinka da ya je bara ya faɗa maka ba lallai ne yana nan ba, ka taka da ƙafarka zuwa reshen bankinka, a Kaduna suna nan jere a Yakubu Gowon Way da Ahmadu Bello Way, ka tambaya abu uku: an buɗe wa katina ƙasar waje, nawa ne iyakata, a kan nawa kuke lissafa dala yau. Wasu bankunan ma a cikin manhajarsu ake kunnawa, mutum ya je can yana ta zagin banki alhali shi ne bai danna maɓalli ba.

To katin dala fa, dole ne sai na buɗe domi?

Ba dole ba ne amma ni shi na fi so wa mai tafiya. Asusun dala ne, wanda muke cewa domi, ka zuba dala a ciki a ba ka katinsa, abin da ka kashe daga dalar za a cire, ba ruwanka da yadda naira ta kwana. Wanda ya ga yadda dala ta tsallake naira 1,500 a farkon 2024 ya san abin da nake nufi, kana kwance a otal kuɗinka na raguwa a Kaduna ba ka sayi komai ba. Matsalarsa ɗaya, ba abu ne na kwana biyu ba, akwai takardu akwai jiran kati, ka fara shi tun lokacin da ake haɗa lefe ba sai ana kamu ba.

Na ji ana maganar PTA, har yanzu akwai?

Akwai. PTA dala ce da banki ke sayar wa mai tafiya ƙasar waje don guzuri. Dala 4,000 ce iyakar mutum ɗaya a wata uku, ana cike Form A a intanet da fasfo da biza da tikitin zuwa da dawowa da sauran takardun da bankin zai nema, kuma amarya ma tana da nata haƙƙin in ta cika sharuɗɗa. Sai dai tun da aka haɗe farashin canji a watan Yunin 2023 garaɓasar da ake yi masa rububi saboda ita ta tafi, kuma a 2024 Babban Banki ya ce bankuna su riƙa biyan sa ta kati ba a hannu ba. Don haka kar ka je da tunanin za a ƙirgo maka ƴan ɗari-ɗari a kanta.

Tsabar kuɗin fa, nawa za mu riƙe kuma wane iri?

Abin da zai riƙe ku kwana biyu ko uku in duk katunan suka ƙi aiki: kwanan otal, abinci, tasi zuwa filin jirgi. Wannan shi ne ma'auni, ba wata lamba ba. Naira dai kar ku wahalar da kanku, kuɗin liƙin nan sababbi da aka tara a jaka in kun wuce maƙwabta da wuya ku samu mai karɓa, ku mai da su dala tun a gida, wajen ƴan canji na gefen Hamdala ko Zone 4 a Abuja ko Wapa in ta Kano za ku tashi, wurin mai lasisi da zai ba ku rasit.

Sannan ba kowace dala ba ce dala a waje, wannan shi mutane ba su sani ba. Ka ce a ba ka ɗari mai shuɗin zare a tsakiya, wadda Amurka ta fitar a 2013. Tsofaffin a dokar Amurka har gobe kuɗi ne, amma je ka Zanzibar ko Nairobi da tsohuwar takarda ko wadda ta ɗan yage ko aka yi wa rubutu da biro, mai canji zai turo maka abarka ko ya rage mata farashi kuma ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya a gaban mai canjin kafin ka tashi, ba rashin yarda ba ne. Ka haɗa da ƴan ƙanana, ɗaya da biyar da goma, saboda mai ɗaukar kaya da direba, manyan kuma su za ka canza don sun fi samun farashi mai kyau a wurare da yawa.

In Dubai ne ko Saudiyya lissafin da sauƙi tunda kuɗinsu a ɗaure yake da dala, dala 100 kusan dirhami 367 ce, ko riyal 375, duk wanda ya ba ka ƙasa da haka sosai ka san ya ci da yawa. A filin jirgi ka canza kaɗan kawai na mota, cikin gari ya fi.

Kwastan za su tare mu saboda kuɗi?

In abin da ke hannunka ya wuce dala 10,000 ko kwatankwacinsa dole ka bayyana wa kwastan a filin jirgin Najeriya, ba haramun ba ne ɗauka, ɓoyewar ce laifi kuma ana iya ƙwace kuɗin. Turai yuro 10,000 ne, Ingila fam 10,000, Dubai dirhami 60,000. Gaskiya mai hanimun bai da dalilin kaiwa nan. Inda ake samun matsala shi ne saƙo, Hajiya wance ta ba da a sayo mata sarƙa, kawu ya ba da a kai wa ɗansa da ke karatu, kafin ka ankara kuɗin mutane ya cika maka jaka kuma da sunanka za a rubuta.

Mun riga mun biya otal, me ya sa suka sake neman kati a kanta?

Nan ne angwaye da yawa suke shiga uku, don haka bari in daɗe a kai. Yawancin manyan otal in kun zo karɓar makulli za su riƙe wani kuɗi a katinka kamar jingina, ko za ku ci wani abu a ɗaki ko ku fasa wani abu. Ba cirewa suka yi ba, riƙewa ce, amma da yake katunanmu kusan duk na kuɗin da ke cikin asusu ne ba na bashi ba, kuɗin zai fita daga abin da za ka iya kashewa, alat ma zai shigo kamar an cire. Ranar fita otal ɗin zai ce ya saki, kuma da gaske ya saki, amma kafin ya dawo asusunka a Najeriya yana iya ɗaukar kwanaki har makonni, kun dawo kun hau jirgin ƙasa daga Idu kun sauka Rigasa kuɗin bai dawo ba. In kuma otal biyu ko uku za ku sauka a tafiya ɗaya, kowanne ya riƙe nasa, sai ka ga iyakar katin ta cika alhali ba ku ci komai ba.

Abin yi, ka tura musu saƙo tun kana gida ka tambayi nawa suke riƙewa kuma ko suna karɓar tsaba a madadinsa. Da yawa suna karɓa, su ba ka rasit, ranar fita su miƙo maka kuɗinka a hannu. In sun ce sai kati, ka ba su wanda ba shi za ku riƙa cin abinci da shi ba. Kuma ka je da katin da ka biya ɗakin da shi a intanet, wasu sai sun gan shi, wanda kuma yayansa ko abokinsa ya biya masa a matsayin gudummawa ya sa a sanar da otal tun da wuri. Masu niyyar hayar mota su tuƙa da kansu su ma su tambaya, kamfanoni da yawa katin bashi kawai suke karɓa.

POS ya tambaye ni in biya da dala ko da kuɗin ƙasar, wanne zan danna?

Kuɗin ƙasar, kullum. Lira a Istanbul, dirhami a Dubai, fam a Landan. In ka zaɓi dala injin shagon ne zai yi maka canji da farashinsa kuma kusan kullum ya fi na Visa ko Mastercard tsada. ATM ma zai yi maka wannan tambayar, amsar ɗaya ce. Shi ATM ɗin ka nemi na jikin banki, ka ciri mai ɗan yawa lokaci ɗaya don kowane cirewa bankinka zai caje ka, mai injin ma sau da yawa ya caje ka.

Akwai inda tsaba ba ta aiki sam?

Sosai ma. Motocin bas na Landan sun daina karɓar kuɗi a hannu tun 2014, kati kake ɗorawa ka wuce. A Masar tikitin shiga manyan wuraren tarihi irin su dalar Giza ya koma sai da kati, amma kana fita daga ƙofar mai raƙumi da mai ɗaukar hoto da mai nuna hanya duk bakshish, wato tukuici, suke jira a hannu, ƙasa ɗaya kenan ta nuna maka me ya sa ake riƙe duka biyun. Kenya ƴan ƙasa M-Pesa, wato biyan kuɗi ta waya, suke yi da komai, baƙo kuma kati a manyan wurare, shilin a ƙanana. Tanzaniya ta kafa doka a 2025 cewa ciniki a cikin ƙasa da shilin ɗinsu za a yi, don haka kar ka dogara da miƙa dala a kowane shago. Maldives kuwa a tsibiran shaƙatawa komai a lambar ɗaki ake rubutawa da dala, ranar fita a kawo maka takarda guda da haraji da kuɗin hidima a kai, ka riƙa neman lissafin kullum da dare kar ranar ƙarshe ta zo maka da hawan jini. Masu haɗawa da Umra, shagunan Makka da Madina kati na aiki lafiya lau, riyal ɗin hannu na mai aski ne da tasi da sadaka.

Me ya sa kati ke ƙin aiki alhali akwai kuɗi a ciki?

Ko iyaka ta cika, ko banki ya ga an yi ciniki a Istanbul da katin da bai taɓa wuce Kasuwar Barci ba ya ɗauka ɓarawo ne ya toshe, ko kuma OTP. Wannan na ƙarshen ya fi cin rai: za ka sayi tikiti ko ka kira mota a manhaja, banki ya tura lambar sirri zuwa layinka na MTN ko Airtel, layin kuma ka cire shi ka sa na can. Ka kunna romin, wato aikin layi a ƙasar waje, kafin ka tashi, ka bar layin a waya ko da ba za ka kira da shi ba, ka kashe masa data don kar ya cinye maka kuɗi, ka sa banki su riƙa turo lambar ta imel ma in suna yi. Ka sanar da su ƙasar da za ka da ranakun. Lambar da ake kira a toshe kati ka rubuta ta a takarda, don in waya ta ɓace tare da walat a ina za ka duba?

Wa zai riƙe kuɗin, ni ko ita?

Ku biyun. Na san wani zai ce ai shi ne maigida, toh ranka ya daɗe ba a ƙwace maka girma ba, amma aljihu ɗaya ake yanka. Kati biyu na bankuna daban-daban, ɗaya wurinka ɗaya a jakarta, tsabar a raba uku: naka, nata, sauran a akwatin sirri na ɗakin otal tare da fasfo. Ke kuma amarya ki tabbata kin san lambar sirrin katin da ke hannunki, kina da kuɗin tasi da katin otal mai adireshi, cunkoson kasuwar Grand Bazaar ta Istanbul ko na Harami minti ɗaya ya isa ya raba ku, kuma in ango ya kwanta rashin lafiya ke za ki je kemis. In katin nan naki ne da sunanki ya fi, wasu wuraren suna haɗa sunan kati da na fasfo.

Tsaraba fa, musamman gwal?

A kasuwar gwal ta Deira da ke Dubai farashin giram a rubuce yake, abin da ake ciniki a kai kuɗin ƙira ne, kuma mai tsaba ya fi samun ragi don shaguna da yawa suna ɗora wani abu in kati ne, ka tambaya kafin a auna. Ku karɓi rasit mai nauyi da karat. Dubai suna mayar wa baƙi yawancin harajin kashi 5 da ke kan kaya in sayayyar ta kai dirhami 250 a shagon da ke cikin tsarin, a shagon ake yi maka rajista da fasfo, a filin jirgi a tantance kafin ka ba da kaya, Ingila kuwa ta soke irin wannan tun 2021. Kuɗin tsarabar su Umma da gwaggo da ƙannen amarya ku ware shi daban tun ranar farko ku rubuta sunaye, in ba haka ba shi zai cinye na abinci. Ragowar lira ko fam ɗin Masar ku kashe su ko ku mai da su dala kafin ku shiga jirgi, a Kaduna da wuya ku samu mai saye, tsabar ƙarfe kuwa ba mai karɓa ko na Ingila ne.