Bambancin maki a ƙwallon Amurka: abin da kakar Vikings ta 2022 ta nuna

Idan kakar gasar NFL ta ƙare a Amurka, masu sharhi suka zauna bitar abin da kowace ƙungiya ta yi, bayan sun faɗi nasara nawa ta samu, abu na gaba da suke dubawa shi ne bambancin maki. Lissafinsa bai da wuya: a tara duk makin da ƙungiya ta ci a wasanni 17 na kaka, a tara wanda aka ci ta, a ɗebe na biyu daga na farko. Abin da ya rage, ko riba ko giɓi, shi ne bambancin makinta.

Mai kallon Firimiyar Ingila ya san ɗan'uwan wannan lissafi, wato bambancin ƙwallaye, wanda ya ba Manchester City kofi a 2012 bayan ta yi kunnen doki da Manchester United da maki 89. To amma a NFL ba a yin teburi da shi. Nasara da rashin nasara (da kunnen doki, in an yi) kaɗai ake ƙirgawa, kuma idan ƙungiyoyi biyu na rukuni ɗaya suka yi daidai, sai an bi karawarsu da juna, da sakamakonsu a cikin rukuni, da wasu sharuɗɗa da dama, kafin a iso ga bambancin maki, can dab da jefa kwabo. Aikinsa na gaskiya daban ne: da shi ake auna ko nasarorin ƙungiya sun yi daidai da ƙarfinta.

Dalili kuwa shi ne wasanni 17 sun yi kaɗan. A Firimiyar Ingila ana buga 38, sa'ar yau da tsautsayin gobe su shafe juna. A nan kuwa ƙwallo ɗaya da ta suɓuce wa ɗan wasa a minti na ƙarshe tana iya sauya kaka baki ɗaya. Maki kuwa ɗaruruwa ne, don haka sa'a ba ta cika karkatar da jimillarsu ba.

Akwai kalmar da ke tafiya tare da wannan, wato wasan tazarar ci ɗaya. Kai ƙwallo gidan abokan hamayya, tacdawun ke nan, maki 6 ne. Daga nan ƙungiya za ta zaɓa, ko ta buga ƙwallo tsakanin ƙarafa ta ƙara 1, ko ta sake gwada shiga gidan daga yadi biyu ta ƙara 2. Ke nan mafi yawan abin da hari ɗaya ke kawowa 8 ne. Duk wasan da aka tashi da tazarar 8 ko ƙasa da haka, shi ake kira na tazarar ci ɗaya, domin hari guda ya isa ya rama ko ya juya shi. Galibin ƙungiyoyi, idan aka bi su shekaru da yawa, kusan rabin irin waɗannan wasanni suke ci.

Minnesota Vikings ta 2022 ita ce misalin da ba a gajiya da kawowa. A shekarar farko ta koci Kevin O'Connell, ta ci wasa 13, aka doke ta a 4, ta lashe rukunin NFC ta Arewa. Amma maki 424 ta ci, aka ci ta 427. Ƙungiya mai nasara 13 da giɓin maki 3.

Ga yadda abin ya kasu. Wasa biyu kacal ta ci da tazara mai faɗi: Green Bay Packers 23-7 a makon farko, da Chicago Bears 29-13 a na ƙarshe, ribar 32 ke nan. Sauran 11 duk na tazarar ci ɗaya ne, kuma ba ta faɗi ko ɗaya ba, amma ribarsu gaba ɗaya 54 ce. Biyar daga ciki da maki 3 aka tashi, har da wanda ta buga da New Orleans Saints a Landan. In kuwa aka tashi dukanta, sai a yi mata lilis: Philadelphia Eagles 24-7, Dallas Cowboys 40-3 har gida, Detroit Lions 34-23, Packers 41-17. Giɓin 89 a wasa huɗu, ya haɗiye ribar 86 ta wasa 13.

Wasanta da Buffalo Bills na 13 ga Nuwamba ya isa ya nuna yadda irin wannan nasara ke samuwa. Vikings na baya, lokaci ya kusa ƙarewa, ga shi dama ta huɗu ce, ta ƙarshe cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci gaba ko ta rasa ƙwallo, ana buƙatar yadi 18. Kirk Cousins, mai jifan Vikings, ya wurga ƙwallo, Justin Jefferson ya yi tsalle ya fizge ta da hannu ɗaya daga hannun mai tsaronsa. Wannan gwaninta ce, babu gardama. Suka matsa har bakin gida, sai Bills suka tare su a yadi ɗaya, ƙwallo ta koma hannunsu. Abin da ya rage wa Josh Allen, mai jifan Bills, kawai ya karɓi ƙwallo ya ɗan tura gaba, agogo ya cinye sauran daƙiƙoƙin. Sai ta kuɓuce masa wajen karɓa, Eric Kendricks na Vikings ya faɗa kanta a cikin gida, Vikings ta samu maki 6 a ɓagas. Wannan kuma ba dabarar koci ba ce. Bills ta rama, aka shiga ƙarin lokaci, aka tashi 33-30. Wata guda bayan haka Indianapolis Colts ta tafi hutun rabin lokaci da 33-0, Vikings ta dawo ta ci 39-36, farfaɗowa mafi girma a tarihin gasar. Abin a yaba ne, sai dai mai bita zai tambaya: me ya sa tun farko ƙungiyar da ta gama kaka da nasara 4 kacal ta zura mata 33 babu ko ɗaya?

Masu lissafi suna da hanyar mayar da maki zuwa adadin nasarar da ta kamata. Bill James ne ya ƙirƙiro ta don wasan besbol, aka daidaita ta da ƙwallon Amurka. Ana ɗaga makin da ƙungiya ta ci zuwa ƙarfin 2.37, a yi haka ga wanda aka ci ƙungiyar, a raba na farko da jimillar biyun, a ninka da 17. Na Vikings ya ba da kusan 8.4, ba 13 ba. Lions, da ta gama da nasara 9 a rukuni ɗaya ba ta ma tsallaka zuwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba, ribar 26 gare ta.

A zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ranar 15 ga Janairun 2023, New York Giants ta je Minneapolis ta fitar da ita da 31-24. Wasan tazarar ci ɗaya na farko ke nan da ta rasa. A dama ta huɗu ana neman yadi 8, Cousins ya ba T.J. Hockenson ƙwallo, aka kayar da shi bayan yadi 3. Shugabannin ƙungiyar ma ba su ruɗu da 13 ɗin ba: suka sallami Ed Donatell mai kula da tsaron baya, suka ɗauko Brian Flores. A 2023 ta ci 7 ta faɗi 10, ko da yake a yi adalci, Cousins ya tsinka jijiyar agara a tsakiyar kakar. Lions ce ta lashe rukunin.

Sai dai ma'aunin yana da inda yake yaudara, kuma mai amfani da shi ya kamata ya buɗe wasannin ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar da ke gaba a ƙarshen wasa ba ta neman ƙarin maki. Takan bar jifa ta koma gudu da ƙwallo don cinye lokaci, a ƙarshe mai jifa ya durƙusa da gwiwa ko da yana bakin gidan abokan hamayya. Haka nan wadda aka yi wa nisa tana iya cin 14 a mintunan da ba su da amfani, saboda masu tsaro sun ja baya sun bar mata gajerun jifa. Ga kuma makon ƙarshe, inda wadda ta riga ta tsallaka ke hutar da manyan 'yan wasanta. Kansas City Chiefs ta 2024 ta ci 15 ta faɗi 2, da ribar maki 59 kawai, amma a ciki har da 38-0 da Denver Broncos ta yi mata ranar da babban mai jifanta Patrick Mahomes bai taka fili ba. A cire wannan wasa, ribar ta koma 97. Ita ma ta ci wasanni 11 na tazarar ci ɗaya babu faɗuwa, ta kai har wasan ƙarshe na Super Bowl, inda Eagles ta doke ta 40-22.