Jar fitilar baƙin mai da rediyon da ya yi gum: amsa ga masu tsohuwar Sharon da Hayis

Tambayoyin nan ba su taka kara sun karya ba, amma kullum sai an kawo min su gareji kamar yau aka fara ƙera mota. Bakina ya gaji. Ga su a rubuce, wanda ya sake tambaya sai in nuna masa nan.

Oga, fitilar nan mai kamar buta ta kawo ja ina tsakiyar tafiya. In lallaɓa in kai tasha?

A'a. Sauka gefen titi ka kashe inji. Fasinja su yi ta mita, ba su za su saya maka wani injin ba.

Ai na zaro sandar awo na duba, mai yana nan daidai. To me ya kawo fitila?

Sau nawa zan faɗa? Jar fitila ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin da famfo ke tura shi cikin inji take aunawa. Tankin ruwa na iya cika maƙil a saman gida, ka buɗe famfo ko ɗigo babu. Mai auna yawa ita ce rawaya, kuma ba kowace mota ke da ita ba. Sharon da aka yi daga shekarar 2000 zuwa sama tana da ita, tsohuwar Hayis da ba ta da ita kuwa sandar awonka ce kawai gatanka.

Na ƙara mai amma rawayar ta ƙi mutuwa.

Buɗe bonet ka bar shi a buɗe ya wuce daƙiƙa 30. Da haka motocin Volkswagen ke gane an duba mai. In man bai kai ba, za ta dawo bayan tafiyar kilomita 100 ko kusa da haka. In ta ƙi mutuwa sam, a duba ɗan suwic ɗin da ke jikin makullin bonet. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, kwantar da ranka.

Na canza batir, rediyo ya rubuta SAFE ya yi shiru. Ya ƙone ne?

Bai ƙone ba. Lamba huɗu yake jira, maganin ɓarayi ne da kamfani ya sa. Lambar tana kan ɗan kati a littafin motar, in har littafin ya tsallako Kwatano tare da ita, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Kada ka zauna kana canki-canka da 1234 da shekarar haihuwarka. Kuskure biyu ya kulle ka, sai ka bar shi a kunne awa guda cur kafin ya sake ba ka dama.

Maigida, jar fitilar tawa sai inji ya ɗau zafi take ƙyafta ido a sulo, ina taka totur ta ɗauke. Wani lokacin kuma rediyo ya mutu tare da ita. Suwic ne ko inji?

To, wannan ita ce tambaya. Kuma duk wanda ya ba ka amsa kai tsaye bai ɗaura geji ba, duba yake yi maka, ba gyara ba.

Zai iya zama suwic ɗin mai, wanda ke jikin inji yana kunna fitilar. Ɗan abu ne mai araha, yana tsufa, yana yoyo, wayarsa guda ɗaya ce kuma in ta goge ta taɓa jikin inji fitila za ta kawo ko da mai na gudu lafiya lau. Na sha ganin haka. Amma irin yadda ka kwatanta, da zafi a sulo, shi ne kuma ainihin yadda gajiyayyen inji ke fara kuka. Mai in ya yi zafi yana tsinkewa, famfo a sulo a hankali yake juyawa, in metal, wato shimfiɗar da ƙarfen inji ke juyawa a kanta, ta cinye ta bar rata sai ƙarfin ya zube ta nan. Kana taka totur famfo ya ƙara gudu, fitila ta ɗauke, kai kuma ka ce Alhamdulillahi. Wataƙila ma ba metal ba ce, rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta ce ta toshe. Makon da ya wuce na sauke kaskon ƙasan wata Sharon, na tarar da rariyar ta cushe da guntayen jan gam kamar taliya, aikin wani yaro da ya lafta shi a madadin gasket. Da yatsa na riƙa zaro su.

Saboda haka ga yadda nake bi, ban ce ita kaɗai ce hanya ba. A cire suwic, a ɗaura gejin awo a ramin, a bar inji ya yi zafi sosai, ba zafin minti biyar ba. A injin Volkswagen na wancan zamani, in mai ya kai zafin digiri 80 ana son a ga aƙalla ba 2 (bar, ma'aunin ƙarfin turin mai) a juyi 2,000 a minti. A Hayis mai injin 2RZ, ba 0.3 a sulo shi ne mafi ƙaranci, a juyi 3,000 kuma daga 2.5 zuwa 5. In geji ya nuna haka, sayi suwic ka tafi abinka. In bai kai ba, a sauke kasko a duba rariya tukuna kafin kowa ya ambaci sauke inji, don akwai masu saurin kai wa ga babban aiki.

Wani abu da ke rikita mutane: tsofaffin Volkswagen irin su Golf 3 da T4 suwic biyu gare su. Ɗaya na ba 0.3 mai kula da sulo, ɗayan mai kula da gudu, wanda a injin fetur yawanci na ba 1.8 ne, shi ke sa ƙara ta tashi in juyi ya haura 2,000. Launinsu ya bambanta saboda awonsu ya bambanta. Ka aiki yaro Ƙofar Ruwa ya ɗauko duk wanda zarensa ya shiga, gobe ka dawo kana cewa motar tana da aljanu. Tafi da tsohon a hannunka, a karanta lambar da ke jikinsa.

Batun mutuwar rediyo tare da fitila kuwa, nan na ɗan ji sanyi a raina, don yana iya nufin matsalar wuta ce gaba ɗaya. Inji bai san da zaman rediyo ba, amma su biyun batir ɗaya suke sha. Ɗan rewaya ya sa mita a kan batir: mota a kashe wajen 12.6, a kunne tsakanin 13.8 da 14.4. Ya kuma kwance kakkaurar wayar nagatif da ta haɗa batir da jikin mota da inji, ya kankare tsatsa da korayen gishirin nan ya ɗaure tamau. Sau da yawa daga nan ake rabuwa da fitinar. Na ce sau da yawa. Mota mai shekara 25 ba ta rasa cuta biyu a lokaci guda, don haka ko rediyo ya warke a ɗaura gejin nan.

In zuba mai mai kauri fa?

20W-50 yakan ɓoye ƙyaftawar na ɗan lokaci, ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Kuma in man kwalba na bakin titi za ka saya, wanda ba ka san daga wace durom ya fito ba, kada ma ka faɗa min.

Na sa sabon rediyo, amma duk na kashe mota sai ya manta tashoshi.

An juya waya. Rawaya ta batir ce kai tsaye, ja ta makulli, a soket ɗin Volkswagen kuma wurarensu a sauye suke. Musanya su, aikin minti biyu. Tunda an buɗe wurin, a tabbata sabon rediyon bai tura wuta a siririyar wayar da kwamfutar bincike ke magana da mota ta cikinta ba, in ba haka ba ranar da ka je a jona na'ura ba za ta karanta komai ba.

Rediyon Hayis ɗina ba ya wuce 90, ba na samun Freedom.

Na Japan ne, daga 76 zuwa 90 aka yi shi, Freedom ta Kano kuma tana 99.5. Canza shi.

Oga, gaskiya fitilar tana damuna da dare. Ba za a cire ƙwan ba?

Ba a garejina ba. Wani direba da ke lodin Kano zuwa Kaduna ya taɓa yi min wannan roƙon na ƙi, ya je ya manna baƙin salatif a kai. Bayan sati biyu ya kira ni daga Kwanar Dangora da magariba, fasinja sun sauka da kayansu suna tare wata motar. Da aka janyo ta muka buɗe, metal ɗin ta narke ta manne da ƙarfen, har ya yi shuɗi don zafi. Salatif ɗin na nan daram a inda ya liƙa shi.