Yaya ake gane ko bayanan manhajar tsara lokaci sun ishi wakilin AI?

Mene ne wakilin AI, kuma me ya haɗa shi da kalanda?

Manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira wadda ba ta tsaya ga amsa tambaya ba, aike take zuwa a madadinka. Ka ce a samo maka lokacin ganawa ranar Alhamis, sai wakilin ya shiga manhajar tsara lokaci kamar Google Calendar ko Calendly ko Cal.com, ya duba inda ba ka da komai, ya kama wurin, ya tura gayyata. Ta ƙofar da ake kira API yake shiga, wato hanyar da wata manhaja ke magana da wata, kuma madogararsa wajen aiki da wannan ƙofa ita ce bayanan da masu manhajar suka rubuta.

To ai an daɗe ana rubuta wa masu haɗa manhajoji irin waɗannan bayanai. Ba su isa ba?

Sau da yawa ba su isa ba. Mutum in ya tarar da giɓi a bayani, yakan dakata ya gwada, ko ya tambayi na kusa da shi. Wakili kuwa yakan cike giɓin da zato, ya wuce ya aikata. Kuskuren kalanda kuma ba a cikin kwamfuta yake tsayawa ba, mutane ne za su bar aikinsu su zauna jiran taron da babu shi. Shi ya sa nake auna bayanai da yadda suka yi maganar wuraren da ake tuntuɓe, domin kowa ya iya rubuta misalin da komai ya tafi daidai.

Daga ina ake farawa?

Daga agogo. Najeriya da Nijar ba sa sauya lokaci duk shekara, amma Ingila tana sauyawa a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. Saboda haka taron mako-mako na ƙarfe 10 na safe agogon Landan, a watan Yuli ƙarfe 10 ne a Kano, a Disamba kuwa ƙarfe 11. Wakilin da ya ɗauki bambancin awa na ranar da ya tsara taron ya ɗora a kan sauran makonni, zai yi daidai na ɗan lokaci, sannan wata rana kowa ya makara ko ya yi sammako. Bayanan Google Calendar sun rufe wannan ƙofa: sun faɗa ƙarara cewa taro mai maimaituwa dole ne a saka masa sunan yankin lokaci, kamar Africa/Lagos ko Europe/London. Jimla ɗaya ce, amma irinta nake nema.

Akwai kuma ranar ƙarshe. A wannan kalandar, taron yini guda na ranar 5 ga wata ana rubuta ƙarshensa 6 ga wata, domin ba a lissafa ranar rufewa a ciki. In bayani ya yi shiru kan wannan, hutun kwana uku sai ya koma biyu.

Bayan lokaci fa?

A duba ko an faɗi abin da kowane umarni yake jawowa. In an soke taro, saƙo zai je wa waɗanda aka gayyata ko a'a? Google na da zaɓin sendUpdates mai hali uku: a sanar da kowa, ko waɗanda ba sa amfani da Google Calendar kaɗai, ko kada a sanar da kowa.

Sai maganar katsewar intanet ana tsakiyar aiki, lokacin da wakili bai san ko taron ya shiga ba. In ya sake turawa, ana iya samun taro biyu a wuri ɗaya. Bayani mai kyau zai nuna mafita: a Google, za ka iya ba taron lambar shaida tun farko, in ka sake turawa sai a dawo maka da kuskure mai lamba 409, ma'ana yana nan. Haka ma 429, wato ka yawaita buƙata. Ya kamata a ce a jira, a riƙa ninka jiran kafin sake gwadawa. Izini ma a fayyace shi, don wakilin da karatu kawai zai yi kada a miƙa masa ikon gogewa.

Idan manhaja tana da llms.txt ko MCP, ba shi ke nan ba?

Suna taimakawa. Wani masanin AI mai suna Jeremy Howard ne ya kawo shawarar llms.txt a Satumban 2024, fayil da ke nuna wa AI muhimman shafuka. Kamfanin Anthropic ya fitar da MCP a Nuwamban 2024, wata ƙa'idar bai-ɗaya ta haɗa wakilai da manhajojin da suke aiki da su. Fayil ɗin OpenAPI shi ma yana zayyana kowane umarni a tsarin da na'ura ke karantawa. Amma dukkansu hanyoyin isar da bayani ne. In ba a rubuta dokar yankin lokaci ba, ba za su ƙirƙiro ta ba.

Wane gwaji ne ya fi nuna gaskiya?

A buɗe kalandar gwaji, a ba wakili bayanan kaɗai, a sa shi ayyukan da suka fi wuya: ya tsara taron mako-mako tsakanin Kano da Landan wanda zai ratsa ƙarshen Oktoba, ya ɗage zama ɗaya bai taɓa sauran ba, ya soke wani ba tare da saƙo ya fita ba. Sannan a buɗe kalandar a gani da ido, kada a tsaya ga cewarsa ya gama. Duk inda ya yi zato, a koma shafin da ya karanta, a rubuta jimlar da ta kamata ta kasance a wurin, a tura wa masu manhajar.